Fam Biyar: Kuɗi, Labarai da Nishaɗi a Arewa a Shekarun 1950

Gabatarwa

Ina 'yar shekara tara ko goma mahaifiyata ta aike ni kasuwar Gwagwalada in sayo wa wani baƙonmu goro. Na tarar da wani dattijo a bakin rumfarsa, na gaishe shi, na nuna wanda nake so. Ya ce, "Fam biyar ne, 'yata." A lokacin Hausata ba ta wuce ta wasa a filin makaranta ba, domin Gbagyi muke yi a gida. Da na ji "biyar" sai na miƙa masa naira biyar. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Saura rabi." Na ce, "Baba, ai biyar ka ce." Ya ce, "Fam na ce, ban ce naira ba." Na koma gida ina ƙunƙuni, wai tsoho zai cuce ni. Sai da mahaifiyata ta gama dariya sannan ta ƙaro mini naira biyar, ta ce in koma in ba shi haƙuri.

Sai da na zo jami'a na fara nazarin Hausa na gane cewa dattijon nan da lissafin ƙuruciyarsa yake ciniki, lissafin da gwamnati ta soke tun 1973 amma bakin mutane bai sake shi ba. Na kuma lura cewa da yawa daga cikinmu, har da waɗanda suka sha Hausa a nono, muna wuce kalmomi irin su taro da ahu da fataka a tsofaffin littattafai ba tare da mun san nauyinsu ba. Idan marubuci ya ce an ci wani tarar sule biyar, ba mu sani ba ko mu tausaya masa ko mu yi dariya. Wannan maƙala za ta duba yadda mutanen Arewa suke ƙidayar kuɗi a shekarun 1950, da yadda suke samun labari, da inda suke zuwa kallo, sannan ta leƙa Amurka ta wancan zamani a wurare biyu domin mu sami abin awo.

Daga anini zuwa fam

Kuɗin da ake kashewa a Nijeriya a yawancin shekarun 1950 na wata hukuma ne da Turawan Ingila suka kafa a 1912 domin ƙasashensu huɗu na Afirka ta Yamma, wato Nijeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya. Darajar fam ɗin daidai take da ta fam ɗin Ingila. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12 ne, kwabo ɗaya kuma anini 10 ne. Ke nan a fam guda akwai kwabo 240, ko anini 2,400.

A tsakanin anini da fam Bahaushe ya raɗa wa kowane mataki suna. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai. Sule biyu kuwa ana ce musu dala ko fataka. Ahu da nai ba su da tsabar kansu, sunayen lissafi ne kawai, sai an haɗa wasu tsabobin a tashe su. Anini da ɗari da kwabo suna da huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, shi ya sa ake iya zura su a zare a ɗaure a lalita ko a bakin zane. Fam ɗari kuma shi ne jaka.

Ga ɗalibin harshe, wannan jeri darasi ne na aron kalmomi. Sisi daga kalmar Ingilishi ta "shida" ta fito, nai daga ta "tara", ahu daga ta "rabi" (rabin taro ke nan), kwabo kuwa daga sunan jan ƙarfe a Ingilishi. Ɗari ita ce ta fi burge ni, domin ana danganta ta da zamanin da rabin kwabo yake daidai da wuri ɗari. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Wato a cikin lissafin Turawa an bar wa lissafin kakanni ƙofa. Dala kuma ta yi rassa: wadda ta zo daga tsohuwar azurfar Turai da fatake suke yawo da ita, ta zama sule biyu a Nijeriya, ta zama tamma biyar ta sefa a Nijar, inda har yau mai sayar da kaya a Maraɗi zai ce maka "dala ashirin" yana nufin sefa 100. Duk wanda ya ɗauka dalar Amurka ake nufi zai gudu ya bar kayan.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli 1959, ya fito da kuɗin ƙasar na kanta, amma bisa tsarin fam da sule da kwabo. A sababbin tsabobin an sa hoton auduga a taro, koko a sisi, gyaɗa a dala, wato abubuwan da ƙasar take ci da su. Ba a sake buga anini ba. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya sabon kwabo goma. Daga nan fam biyar ɗin mai goro ta zama naira goma, jaka ta zama naira 200.

Tsabobin sun tafi, kalmomin sun zauna. Wanda aljihunsa ya bushe yakan ce ba shi da ko sisi, ko anini. Mai ƙaramar sana'a yakan ce yana samun taro da sisi. Tauraron da ke kafaɗar hafsan soja har yau anini ne sunansa.

"A da komai araha ne"

Babu wanda bai taɓa jin wannan magana daga bakin tsofaffi ba. Kakata takan ce a zamaninsu da anini yaro zai sayi abin taɓawa a kasuwa, da taro kuma a yi cefane. Ban musa mata ba. Abin da na tambaye ta shi ne sau nawa taron yake shigowa hannunta a mako. Ta yi shiru, sannan ta ce sai ranar kasuwa, idan an sayar da doya ko itace ko tukunya.

A nan ne maganar araha take da gyara. Yawancin mutanen Arewa a lokacin manoma ne, abin da suke ci daga rumbunsu yake fitowa. Tsabar kuɗi kuwa da kaka take zuwa, idan an kai gyaɗa ko auduga sikeli. Kafin ta zauna a hannu akwai masu jiranta. Na farko haraji, wanda dagaci da mai unguwa suke tarawa a kan kowane baligi namiji, Fulani kuma su biya jangali a kan kowace saniya. Haraji ba ya karɓar dawa, sai kuɗi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa noman gyaɗa ya bunƙasa, suka kuma sa samari tafiya cin rani. Bayan haraji sai gishiri da kananzir da ashana da sabulu da yadi, sai kuma hidimar aure. Keke samfurin Raleigh ko keken ɗinki na Singer, waɗanda ake gani a kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt da GBO, abubuwa ne da mutum yake shekara da shekaru yana tari kafin ya mallaka. Ba a daina karɓar haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna ba sai a 1979.

Shi ma farashin gyaɗar ba manomi ne yake yanke shi ba. Hukumar ciniki ta gwamnati ce take sanar da shi a farkon kaka, ta saya ta hannun dillalai masu lasisi, ta sayar a Turai, ta riƙe rarar. Dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotunan Kano buhuna ne da suka taru suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne fitaccen ɗan ƙasa a wannan ciniki.

Idan muka leƙa Amurka za mu ga cewa su ma tsofaffinsu suna da irin wannan zance. Kwalbar Coca-Cola ta shafe kusan shekara saba'in ana sayar da ita sent biyar, har cikin shekarun 1950. Kan sarkin aika wasiƙa sent uku ne har 1958. Daga watan Satumba na 1949 fam ɗaya dalar Amurka biyu da sent 80 ne, ke nan sule ɗaya sent 14. Kwalbar lemon nan ta tashi kwabo huɗu da 'yan kai a lissafinmu. Amma mafi ƙarancin ladan aiki da dokar tarayyarsu ta yanke a 1950 sent 75 ne a awa guda, wato kimanin sule biyar da kwabo huɗu, kuma a 1956 aka mai da shi dala ɗaya cif. Lebura a can yana sayen kwalba goma sha biyar da aikin awa ɗaya. Saboda haka idan an ce abu kwabo huɗu ne, tambaya ta biyu ita ce gumin awa nawa ne kwabo huɗun, kuma a hannun wa.

Jaridar kwabo

Sunan jaridar Hausa da ta fi kowace shahara ma daga wannan lissafi ya fito. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam ne editanta na farko, yana aiki tare da Rupert East, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita a farko. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya, wanda daga 1948 ya riƙa buga jaridar Ingilishi mai suna Nigerian Citizen.

Masu iya karatun boko kaɗan ne, don haka kwafi ɗaya yakan yi wa mutane da yawa aiki. Malamin makaranta ko akawun En'e ya karanta da ƙarfi a dandali ko a rumfar tela, saura su saurara, a yi ta muhawara. Wanda ya biya kwabon daban, waɗanda suka ji labarin daban. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa Hausar jaridar take da daɗin ji a kunne: an rubuta ta da sanin cewa da baki za a isar da ita.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci domin koya wa manya karatu da rubutu. Wanda ya koyi karatu kuwa yana bukatar abin karantawa, in ba haka ba ya manta. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954, ta yi aiki har 1959, ta buga ƙananan littattafai masu arha da kuma jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci, Haske a lardin Neja, da sauransu. A 1955 kuma aka kafa Hukumar Hausa domin daidaita rubutu da tantance sababbin kalmomi.

Sababbin kalmomin kuwa sun zama dole, domin labaran sababbi ne. An kafa NEPU a Kano a ranar 8 ga Agusta 1950. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. An yi tarzoma a Kano a watan Mayu na 1953. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954, Sarauniya Elizabeth ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna a 1956, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris 1959. Kalmomi irin su ƙuri'a da wakili da majalisa da minista da mulkin kai, wasu tsofaffi ne aka ɗora musu sabon kaya, wasu aro ne, duk a wannan tsakani suka zama na yau da kullum. Sai dai ƙuri'ar ta maza ce. Matan Arewa ba su jefa ta a zaɓen 1959 ba, sai a shekarun 1970 suka sami wannan dama.

Akwatin da ba a canza masa tasha

Rediyon da mutanen birane suka fara sani ba irin namu ba ne. Akwati ne mai lasifika da ake jawo masa waya daga tashar gari, a rataye shi a bango, a riƙa biyan kuɗin haya. Abin da tashar ta sako shi za ka ji, sai dai ka ƙara murya ko ka rage ko ka kashe. An buɗe irin wannan tasha a Kano a 1944, daga baya wasu biranen suka samu. Akan kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a domin wanda ba shi da akwati a gida. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya, aka sake mata tsari a 1957. A ranar 13 ga Maris na shekarar 1957 ɗin ne BBC ta fara shirin Hausa daga Landan da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, na minti goma sha biyar. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna sai a 1962 ya zo.

Rediyo da garmaho sun yi wa makaɗa abin da ba a taɓa yi musu ba. Kafin nan, in kana son jin Narambaɗa sai ka je inda yake, in kana son jin Mamman Shata sai ka tarar da shi a wurin biki ko kasuwa. Da faifai ya zo, murya ta fara tafiya ba tare da mai ita ba. Duk da haka kada mu ɗauka akwati ya kori dandali. Ga mafi yawan mutane, nishaɗi shi ne dambe da kokawa bayan girbi, da kalankuwa, da tashe a watan azumi, da hawan salla, da tatsuniya a tsakar gida. Waɗannan ba a yankar musu tikiti, sai dai a yi wa makaɗi kari.

Majigi da silima

Kallon hoto mai motsi iri biyu ne, kuma Hausa ta bambanta su. Majigi na gwamnati ne, kyauta. Mota ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a nuna labaran duniya da finafinan tsafta da na noma, wani ma'aikaci yana fassarawa da lasifika. Baban Larai, wanda aka yi domin koyar da noman zamani, yana cikin waɗanda tsofaffi suka fi tunawa. Silima kuwa ta 'yan kasuwa ce, yawanci Kwarori, kuma sai an biya. An buɗe Rex a Kano a 1937, aka buɗe Palace a cikin birni a 1951 duk da adawar malamai da dattawa. Wasu ma "dodon bango" suke kiran abin. A idon mutane da yawa gidan silima wurin 'yan iska ne, macen kirki ba ta zuwa.

A ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu cikin kimanin 600 da suke ciki. Masu adawa da silima suka ɗauki abin a matsayin ishara. Amma gidajen kallon ba su rufe ba, samari kuma ba su daina zuwa ba.

Abin da suke zuwa kallo a farko yawanci daga Amurka da Ingila yake zuwa, musamman finafinan kaboyi, kalmar da ita ma ta zauna a Hausa. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci su Amurkawan suna ƙaurace wa gidajen silimarsu suna komawa falo. A 1950 kimanin gida tara cikin ɗari ne yake da talabijin a Amurka, zuwa 1960 sun kusa kai casa'in cikin ɗari. A Nijeriya kuwa tashar talabijin ta farko sai a ƙarshen Oktoba na 1959 aka buɗe ta, a Ibadan. Wato lokacin da iyalin Ba'amurke suke shigewa ɗaki su kalli akwatinsu su kaɗai, a nan labari da kallo duk a taro ake yin su, ko a gindin lasifika, ko a gaban ƙyallen majigi. A cikin shekarun nan ne kuma masu silima suka fara kawo finafinan Indiya, irin su Mother India na 1957, suka ga sun fi na kaboyi shiga ran masu kallo. Wanda yake son sanin inda rawa da waƙa a finafinan Hausa na yau suka samo tushe, daga nan zai fara bincike.

To, a nan Abuja fa?

Duk abin da na lissafa na Kano ne da Zariya da Kaduna. A shekarun 1950 sunan Abuja na garin da muke kira Suleja ne a yau, hedikwatar wata ƙaramar masarauta a lardin Neja, ƙarƙashin Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Garki da Wuse da Asokoro ƙauyuka ne na manoma. Ba a yanke shawarar gina babban birni a nan ba sai a watan Fabrairu na 1976, gwamnati kuma ba ta taso daga Legas ba sai a ranar 12 ga Disamba 1991. Mutanen ƙauyukan Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa sun fi haɗuwa da Hausa a kasuwa da wurin biyan haraji da kotun alƙali. Ina jin shi ya sa kakata, wadda ba ta iya doguwar hira da Hausa, ba a taɓa cin ta da lissafin taro da sisi ba.

Amma yankin ya shiga labaran duniya ta wata hanyar. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanen wata mata 'yar Kwali a gidan Sarki Sulaimanu Barau. Da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, matar nan, Ladi Kwali, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Kafin shekarun su ƙare an nuna aikinta a Landan. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana gina tukunya. Sardauna yana kan naira 200, wato jaka guda cif, Tafawa Ɓalewa kuma yana kan naira biyar ɗin da na miƙa wa mai goro, wadda a bakinsa fam biyu ce da sule goma. Takardar Ladi Kwali a wancan lissafi fam goma ce, sule 200, anini 24,000. Makon jiya na miƙa wa wani yaro mai ruwan leda ita a bakin ƙofar makaranta, ya ce, "Anti, ciko."